Zaɓi Ɗaya Cikin Huɗu

Ɗakina a Delhi taku uku ne da rabi:
gado, tebur, fanka mai tarin tsufa,
taga ɗaya, ita ma bango take kallo.
A nan nake haddace dazuzzukan duniya.

Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
wa ke cin wa a daji.
Ciyawa, barewa, damisa,
an ja kibau tsakaninsu da shuɗin tawada,
tsaf, ko ɗigon jini babu.
Mai littafin bai san kawuna Haripada ba,
wanda ya shiga kurmin Sundarban neman zuma
aka dawo mana da ƙyallen wuyansa
da tukunyar da ba ta kai rabi ba.
Na juya zanen sama da ƙasa,
ban ga inda zan ajiye shi ba.

A aji mu ɗari uku ne, gwiwa na gugar gwiwa.
Malam Bansal na magana ta lasifika:
"Ku riƙe shekarun yarjejeniyoyi,
wane birni, wace ƙasa ta sa hannu, wace ta noƙe.
Kowace maki biyu ce."
Purnima na gefena da ƙyalle a hanci,
idonta ja, hayaƙin gari ya kwana a ƙirjinta.
Muna bitar babin tsabtar iska,
tari na amsa wa tari har layin baya.

Daren Lahadi uwata ke kira.
"Shibani, ruwa ya sake fasa shingen laka.
Shinkafar gabas ta yi ja tun ba ta fid da kai ba,
kifin kududdufi ya taso ciki sama."
Sai ta yi shiru, ina jin kwaɗi a bayanta.
"Kina dai cin abinci?"
Na ce ina ci.
Ba ta ce ta sayar da 'yan kunnenta ba,
ni ma ban ce na sani ba.

Na buɗe tambayoyin bara, ga ta ta goma sha bakwai:
me ke faruwa in ruwan teku ya hau ƙasar noma?
Zaɓi ɗaya cikin huɗu.
Ni da na ɗanɗana ƙasar gonarmu da harshe
ina 'yar shekara tara,
na tofar, ubana Nitai ya kau da kai!
Na duba huɗun nan ɗaya bayan ɗaya.
Babu mai cewa uba zai hau jirgin ƙasa
ya tafi kudu ɗaukar bulo a ka.
Babu mai cewa mangwaron da kaka ta shuka
zai mutu a tsaye, ganyensa duk a jikinsa.
Na zaɓi ta uku. Daidai ne. Maki biyu.

Wannan ne zama na uku.
Na farko na faɗi da nisa,
na biyu da tazarar da ba ta kai kaurin farce ba,
ita ce ta fi ciwo.

Wani dare nakan tuna jami'in da ya zo bayan guguwa
cikin farin jirgi mai inji.
Ya ƙirga mu daga inda yake zaune,
takalminsa ya koma gida bai san laka ba.
Shi ma ya ci wannan jarrabawa.
Shi ma, ina jin, ya san sunan kowace saiwa
da ke fitowa daga taɓo tana shaƙar iska.
Abin da ke hana ni barci ke nan, ba faɗuwa ba.

Ƙarfe huɗu. Mai shayi na ƙasa ya fara wanke tukunya.
Na feƙe fensir, na jawo takarda.
Can gida ruwa na janyewa yanzu,
ƙaguwa na fitowa daga ramukanta,
uwata na ɗaura zane, za ta je ɗibar laka
ta toshe abin da teku ya buɗe jiya.
Na buɗe babi na gaba.
Sunansa: yadda ake kare gaɓar teku.