Kan Kifi a Lere

Rijiyar da muka zo haƙa ba ta kai ruwa ba.
Kuɗin mota ya maƙale a aljihun ɗan kwangila,
ni kuma na maƙale a ƙauye, gefen tafkin Lere.

Daren jajibere Fadanka ya ɗaga labulen buhu:
"Taso, Barau. Yau ba a barin baƙo shi da fitila."

Majami'arsu ta laka ce, bencin giginya,
ƙararrawar tsohon ƙarfen taya ne a wuyan darbejiya.
Suka ɗauki waƙa da Mundanci.
Ban tsinci komai ba sai Baitalami,
na riƙe ta kamar igiyar guga.

War haka a Malumfashi Saraya na suyar kaji,
Ishaya na jan takalmin da na aika,
wanda ya yi masa yawa.

Wata tsohuwa ta ga idona ya ciko.
Ba ta tambaya ba.
Ta ɓalle kan kifi, rabon maigida,
ta ɗora bisa tuwona na jar dawa.

Da asubar Kirsimeti waya ta kama sanda ɗaya.
"Baba, ka ci abinci?"
Na ce na ƙoshi.
Wata uku ke nan ina faɗin haka,
yau ne kawai ban yi ƙarya ba.