Wurin da Isifu Ke Tsallakewa

Mijina Isifu, shekara talatin a kan sitiyari,
Kejetiya zuwa Aboabo, Aboabo zuwa Kejetiya.
Yanzu gwiwa ta zaunar da shi,
rimot kaɗai ya rage masa abin tuƙi.

Jikarmu Zaliya ce ta loda mana finafinan Koriya
kafin ta koma makaranta Tamale.
Shi ya zaɓi mai ɗan sanda.
An tsinci gawa a gindin gada tun kashi na farko,
shi ke nan, tsoho ya sami aikin yi.

Amma akwai wata likita mai duba gawarwaki,
'yar siririya, ba ta cin abinci kan lokaci.
Duk sanda ɗan sandan ya tsaya ƙofar ofishinta
da ƙullin miya mai zafi a leda,
sai Isifu ya ja tsaki:
"An kashe mutum, su suna kallon-kallo!
Wannan ai go-sulo ne."
Ya danna.
Su zabura kamar kajin da suka ga shirwa,
lema ta buɗe ta rufe,
ruwan sama ya zuba ya ɗauke kafin in haɗiye yawu,
mu faɗo kan wani yana gudu a saman bene.

Ni kuwa can nake so a tsaya.
Na ce masa, wake da shinkafa nake sayarwa tun kana da gashi,
ba don wake ake layi gaban tukunyata ba,
don cokalin shiton nan ne na gefe.
Ya ce shito ba ya riƙe ciki.
Na ce to ci naka gaya.

Kashi goma sha ɗaya, bai riƙe hannunta ba.
Sai dai ya ɗora nama a kan cokalinta
ya kau da kai yana kallon bango.
Na san wannan kau da kan.
Shekara talatin da huɗu ina zaune da shi a ɗaki ɗaya,
iyakar abin da ya taɓa ce mini shi ne, "Kin ci?"

Daren Laraba aka kwana ana ruwa,
kwatar Aboabo ta cika har tana amai.
Ƙarfe uku na tashi hura wutar wake,
na ga haske shuɗi yana lasar labule.
Ga shi zaune, tabarau a kan tsinin hanci,
ya rage murya ƙasa-ƙasa,
leɓensa na harhaɗa Turancin da ke gudu a ƙasa
baƙi-baƙi, kamar yaro a gaban allo.
Ɗan sandan ya durƙusa cikin ruwa
yana ɗaure mata igiyar takalmi.
Isifu ya mayar baya.
Ya sake ɗaurewa.

Na yi gyaran murya.
Bai waiwayo ba.
"Shaida nake nema," in ji shi.
"Wa ya sani ko likitar ce ta kashe mutumin."
Na ce Allah ya ba da sa'a, sufeto.

Da asuba na ɗauki tukunya zuwa bakin titi,
sai na ji ɗingishi a bayana.
Lemarsa ce ta zamanin tasha, haƙarƙari biyu a karye,
ya ɗaga ta bisa kaina
alhali ruwa ya ɗauke tun kiran farko.
Akosuwa mai koko ta yi dariya har ludayi ya faɗa mata cikin bokiti.
Ya ce, "Tukunyar nake karewa."

An kama mai kisan ranar Asabar.
Wani ne mai kwat, ni ko sunansa ban riƙe ba.
Jiya na ji shi a waya da Zaliya,
ya juya mini baya, ya kare baki da hannu:
"Ke, babu ci gabansa ne?
Haka kawai za su bar yarinyar mutane a tashar jirgi?"