Burodin da Ya Kwana

Sanda biyar na saya wurin Ma'azu shekaranjiya,
na bar su kan faifai da gangan, suka bushe.
Yau in ka buga ɗaya a ƙyaure
sai na ciki ya ce, "Wane ne?"

Baba kan ce sabon burodi ba ya jin ƙishirwa,
sai wanda ya kwana, iska ta bi ta kansa.
Shekara goma sha tara yana kuku gidan wani Bature a Zango,
bai fito da fansho ba,
sai wannan girkin, da wuƙa mai karyayyen tsini.

Da ita na yanka, kaurin yatsa biyu.
Na shafe farantin ƙarfe da man shanu har lungu,
na jera su, kowa ya jingina da ɗan'uwansa.

Ƙwan zabi goma daga Mirriya.
Na gwada su a ruwa, ɗaya ya taso, na yar.
Ruwan gwajin kuwa na mayar cikin buta:
a Damagaram ba a zubar da ruwa
don kawai ya ga ƙwai.

Madara gwangwani biyu, kirfa, gishiri ɗan tsunkule,
sukari da tafin hannu, don Baba bai san awo ba.
Dabino na ƙara, wannan nawa ne,
da yana nan da ya yi tsaki.
Na kaɗa, na kwarara, na danna da bayan cokali
har na ji suna shan abinsu a hankali.

Firigo sai gidan Falmata.
Na ce, "In kuran ya ɗauke fa?"
Ta ce, "Je ki aikinki, ƙanƙarar sayarwata na nan."

Ƙarfe biyun dare ina gardi ɗakin haihuwa.
Wata daga Garin Malam, cikin fari,
ta riƙe mini gefen riga kamar ni ce zan gudu da ciwon.
Na ce, "Ba yanzu ba, kar ki yi nishi tukuna."
Ina faɗi, hankalina ya leƙa gidan Falmata,
na ji kunyar kaina, na dawo.
Kafin kiran assalatu mace ta faɗo,
da kuka irin na mai bin bashi.

Da safe, kabu-kabu, faranti bisa cinya,
na ce wa yaron ya bi ramukan Birni da ladabi.
Ma'azu ya fidda gashinsa na ƙarshe,
tanderu na sauran huci.
Ya ɗaga murfi, ya dube ni:
"Kayana kika maido?"
Na ce, "Su ne, amma sun ƙoshi."
Dala ashirin ya karɓa, bayan ya ƙi sau biyu.

Da hantsi suka iso.
Laminu daga Tanut, ƙeyarsa duk ja da hanya,
Habsu da 'ya'yanta huɗu da wani da ban gane ba.
Shekara guda ke nan cif.
Ba wanda ya faɗa, an dai yi fatiha, an shafa.

Sama ya yi ɓawo, ciki na rawa.
Laminu ya ce sukari ya yi yawa, ya ƙara yanka.
Habsu ta ce na Baba ya fi tauri,
na ce tsufa ne ya taurara miki harshe.

Kusurwa ɗaya ta ƙone, kamar kullum.
Ita Baba kan ɗauka, wai mai girki ke cin laifinsa.
Wuƙa ta yi ta kewaye ta,
kowa na kallon wani wuri,
har ɗan autan Habsu, takwaransa,
ya miƙa hannu ya ɓamɓare ta,
ya tauna, ya yamutsa fuska, ya ƙara.

Shayi na biyu ban san an zuba ba.
An ce a zaune na yi barci,
da wuƙar a hannuna.