Rijiyar Baba

Asumana ya dawo daga Abijan ran Laraba,
ya tsaya bakin ajina da sabon babur,
ya dubi zana, ya dubi iccen da ke tokare da ita,
ya ce, "Mushe, har yanzu kana nan?"
Na ce ina nan. Alli a yatsuna,
fari fat kamar na taɓa garin tuwo.

Wata biyu albashi bai sauka ba.
Mai kanti a Tawa ya fi sufeto sanin sunana.
Asumana ya ce akwai shago can mai neman mai lissafi,
jikka ɗari biyu duk wata, da ɗaki mai fanka.
Ban amsa ba. Na ɗebo masa ruwa a randa.

Ruwan nan da ka sha na rijiyar Baba ne.
Ka tuna shi? Gajere, mai kaushin tafi,
shekara talatin yana huda dutsen Adar da dagi.
Wannan sai da ya nitsa gaba ashirin da bakwai
kafin ƙasa ta yi danshi.
Ya rasu da riga biyu, ɗaya ta Juma'a,
da buta, da carbin da zarensa ya sha ƙulli.
Ba a rubuta sunansa a bakinta ba.
Makiyaya na shayar da garke, ba su san shi ba.
Yakan ce, mai ginar rijiya ba ya ƙirga guga,
akwai Mai ƙirgawa, kuma ba Ya gyangyaɗi.

Ni ban iya dagi ba.
Yara saba'in da uku gare ni, zaune a ƙasa,
kaye ɗaya a tsaga shi biyu.
Nan nake tona, baƙi bayan baƙi,
wani kan ya fi fa tauri.

Amma shekaranjiya Samsiya ta karanta wa kakarta
takardar likita: ƙwaya ɗaya da safe.
Ashe tsohuwa uku take haɗiyewa.
Ta aiko mini albasa biyar a bakin zane.
Na yanka guda a kan shinkafa da wake,
na yi bisimilla, na ƙoshi.

Kada ka ɗauke ni waliyyi, Asumana.
Babur ɗinka ya shiga raina.
Da dare ni ma ina lissafi har barci ya gudu.
Sai dai bayan sallar asuba
abin da nake roƙo bai da yawa:
cin yau, suturar iyali,
da ruwan da zai ci gaba da ɓuɓɓuga
ranar da aka mayar da ƙasa a kaina.

Ya yi shiru. Ya sunkuya ya leƙa cikin rumfa.
Ɗansa Sahabi na layi na uku,
harshe a waje, yana fama da rubuta sunan ubansa.

Na ɗauki dutse, na buga ƙarfen tayar mota.
Hutu ya ƙare.
Ga hadari ya haɗo daga gabas,
zana kuwa na neman ɗauri.