Maiƙo a Bakin Kwaɗo

Baba Barau, mahaucin Ƙofar Guga,
shekara talatin yana ware kitse daga tsoka,
bai san nasa na ciki ya fara yoyo ba.

Ran Talata na raka shi asibiti.
Likita ta zana da'ira a bayan katinsa,
ta ce, "Ga ƙwayar kitse, ɗan rumbu ne.
Insulin ɗan aike ne riƙe da mabuɗi,
ya buɗe, sukari ya shiga ya kwanta.
In rumbu ya tumbatsa,
maiƙo ya tsiyayo cikin jini,
ya daskare a bakin kwaɗo.
Mabuɗi ya shiga, ya ƙi juyawa,
sukari na tsaye waje,
baƙon da ba a amsa wa sallama ba."

Baba ya dubi tafinsa mai sheƙi.
"Na sani," in ji shi,
"wuƙa ma in ta sha kitse ba ta ci."

Yanzu bayan la'asar yana takawa
har gindin Gobarau, ya dawo yana haki.
Tozo kuwa sai dai ya auna wa wani.
Ni ke yi masa allurar dare,
hannuna ya fi nasa rawa.