Zazzaɓin Tsohuwa

Taraktar Baba Jatau ta girme ni.
A kunya ta ashirin, can gonar Shika,
lagireto ya tafasa.

Noti uku suka ba da kai,
na huɗu sai da ya kwana cikin kananzir.
Boris ya koma tsakuwa.

Shago bakwai na zaga a Sabon Gari,
aka ce an daina yayinsa.
Na tsohuwar Fijo ya zauna daram.
Baba ya yanko kwalin sukari,
ya fitar da gasket da kan guduma.

La'asar muka cika ta da ruwan rijiya.
Ta yi tari, ta kama.
Ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashinta.
Ko ɗigo.

Gabas hadari ya haɗo,
saura kunya sittin.