Filin da Ya Rage

A kudancin Santiyago, inda dā gonakin inabi ne,
gidaje sun tsiro cikin shekara bakwai, bulo kan bulo.
Fili ɗaya ya rage, kadada biyu da 'yar ɗoriya,
tsakanin tashar bas da katangar makaranta.
Ni aka miƙa wa fensir, aka ce,
"Ximena, zana mana wurin shan iska."

Na zana. Na shimfiɗa ciyawa shar,
na haƙa tafki, na zuba masa agwagi,
na ja hanyoyi miƙaƙƙu kamar zaren saƙa.
Ranar Laraba da dare na kai ɗakin taro:
kujerun roba arba'in, mutum sittin da uku,
wasu a tsaye da jarirai a kafaɗa.

Tsoho Eleodoro ya fara, hula a hannu.
"'Yata, ciyawarki me za ta sha?
Dubi dutsen can. Yaushe rabon ƙanƙara ta rufe shi?
Famfon gidana ma tari yake yi kafin ya ba ni kofi ɗaya."
Na sunkuya na dubi tafkina.
Agwagin sun mutu tun a kan takarda.

Shi buƙatarsa ba ta da yawa:
akwatin laka, a ja zare a tsakiya,
inda tsofaffi za su jefa faifan ƙarfe ranar Lahadi,
su yi ta musu kan tazarar yatsa har rana ta faɗi.

Brunilda, mai wankin zannuwan asibiti,
ƙarfe sha ɗaya na dare take ratsa filin.
Ba ta tashi daga kujera ba.
"Ku sa fitila," ta ce. "Furanni su jira."

Wani yaro, Nahuel, ya ja mini hannun riga:
"Kar ki dasa bishiya a tsakiya.
Iskar Satumba tamu ce,
zaren jiragenmu na takarda zai sarƙe."
Mata bakwai suna son rumfa da mai koyar da rawa,
samari suna son raga biyu da ƙasa marar tsakuwa,
wani kuma karensa kawai ya zo wakilta.

Akanta ya lasa yatsa, ya juya shafi,
ya ce kuɗin na rabi ne, rabin ma sai baɗi.

Na koma gida ban ci abinci ba.
Da asuba na tafi filin ni kaɗai,
da shayi a gora, da taswirata a hammata.
Sai ga ta: wata siririyar hanya ta karkace
daga bakin tasha zuwa ƙofar makaranta,
ba siminti, ba sa hannun kowa.
Ƙafa ta riga fensir.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni kuwa da laima na zo daga ofis.

Na zauna kan wata tsohuwar taya na yi ta gogewa.
Inda suka taka, nan na sa dutse.
Fitila tara a bin sawun Brunilda.
Tsakiya na bar ta wayam, don iska da zare.
A gefe muka jera 'yan itatuwa masu jure ƙishi,
tsayinsu bai wuce gwiwa ba.

Rumfar rawa tana nan cikin fayil, an ɗage zama sau uku.
Raga ɗaya aka kafa, samari suna harara ta in na wuce.

Eleodoro yana da shekara tamanin da ɗaya.
Na gaya masa inuwar sai nan da shekara goma sha biyar.
Ya ce ya ji.
Kullum da yamma yakan zo da ruwan wanke-wanke a jarka,
ya bi su ɗaya bayan ɗaya,
na ƙarshen kuma, wanda ya fi rama, ya ƙara masa.